Malam Edita, a duba mana batun ƙarin jini da kwalaben da ake tallata wa mata a waya

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya kai da ma'aikatanka, ya aiki ya haƙuri da jama'a. Ni malamar makaranta ce a nan Kaduna, na daɗe ina koyar da 'yan mata darasin girki da kula da gida a wata sakandare, kuma ban taɓa rubuto muku ba sai yau, abin ne ya daɗe yana cina a rai, to abin da na tarar a gidan ƙanwata satin da ya wuce shi ya sa nace yau kam sai na yi magana ko da ba za a buga ba.

Ƙanwar nan tawa a Tudun Wada take aure, cikinta wata shida. Na je dubata na sameta zaune a tsakar gida tana haki kamar wadda ta yi gudu, alhali shara kawai ta yi, na ja fatar idonta na duba ciki fari fat, tafin hannu ma haka. Ga ƙullin farar ƙasa a gefen tabarma tana gutsura, wai kwaɗayin ciki ne, kuma tace in ba ta tauna ƙanƙara ba hankalinta baya kwanciya. Nace ina magungunan da aka baki wajen awo, tace Yaya suna can kan firij, tashin zuciya suke sani kuma bayan gida ya koma baƙi, na tsorata na daina. Sai ta shiga ɗaki da murnarta ta ɗauko min wata kwalba mai ƙyalli, wai wata ce a guruf ɗinsu na WhatsApp take kawowa daga waje, akwai sinadarai sama da saba'in a ciki, tana ƙara jini tana gyara fata tana sa jariri ya fito da kaifin ƙwaƙwalwa. Kuɗin da mijinta ya biya wallahi ya isa cefanen sati biyu a gidan. Na juya bayan kwalbar na karanta, ayon ɗin, wato sinadarin ƙarfe da ke ƙara jini, da ke cikin ƙwaya ɗaya bai kai rabin wanda ke cikin 'yar jar ƙwayar nan da ta yasar a kan firij ba. Malam Edita ban san sanda nace innalillahi ba.

Ba wai ina ƙaryata cewa jiki na buƙatar waɗannan sinadarai bane, yana buƙata ƙwarai, ni da bakina nake koya wa yara. Ayon, zink, aidin, siliniyam, kofa wato sinadarin jan ƙarfe, manganis da sauransu. Amma abin da masu talla basa faɗa shi ne ɗan mitsitsi ake buƙata. Duk ayon ɗin da ke jikin babban mutum bai wuce giram 3 zuwa 4 ba, kamar ƙusa ɗaya ƙarama. Aidin kuwa in aka tara duk wanda mutum zai buƙata daga haihuwa har tsufa ba zai cika ƙaramin cokalin shayi ba. Sai dai kuma ɗan kaɗan ɗin nan in babu shi gida baya zama lafiya, kamar dai gishiri a miya.

Bari in fi tsayawa kan ayon don shi ne ya fi damunmu mu mata. Shi ne ke cikin jan jini yana ɗaukar iska daga huhu ya kai ko'ina, shi ya sa in ya yi ƙasa sai haki da jiri da kasala, mace ta wuni kamar an mata duka a ce ragwanci ne ko a ce iska ce. Namiji babba miligiram 8 ya ishe shi a rana, mace mai al'ada 18 take buƙata, mai ciki kuwa 27. To ka duba wannan lissafin ka kuma duba yadda ake rabon nama a gidajenmu. Tsoka da hanta da ƙoda a kwanon maigida suke, wanda buƙatarsa ta fi ta kowa ƙanƙanta, ita mai cikin da ke buƙatar ninki uku da wani abu sai ta ƙare da romo da ƙashi, yara kuma a lakace musu miya a kan tuwo. Ba na cewa mazan mugunta suke yi, yawancinsu basu ma sani ba, mu matan ne da hannunmu muke zubawa don haka muka ga iyayenmu na yi. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna kashi 58 cikin ɗari na matan Najeriya masu shekara 15 zuwa 49 na da ƙarancin jini, yara 'yan ƙasa da shekara biyar kuma kashi 68. Gaskiya ne ba duka ne na abinci ba, zazzaɓin cizon sauro na cinye jini, tsutsar ciki ma haka, ga sikila, ga haihuwa kusa da kusa, amma abinci na da babban kaso a ciki.

Kuma wani abin da ba a cika sani ba, ba abin da ka haɗiye bane naka, wanda hanji ya iya tsotsa shi ne naka. Ayon ɗin nama da kifi da kayan ciki jiki na karɓarsa cikin sauƙi. Na wake da gero da ganye kuwa yana nan amma da kyar yake shiga, saboda akwai wani sinadari a cikin hatsi da wake da ke riƙe ayon da zink ya hana su wucewa. Abin mamaki kakanninmu da basu shiga aji ba sun san maganin wannan, jiƙa gero ya kwana, a bar gasara ta yi tsami kafin a dama koko, a jiƙa wake kafin a ɗora, a tsima kalwa ta zama daddawa, duk wannan jiƙon da tsamin yana karya ƙarfin sinadarin nan. Yanzu mun waye, mun bar koko da ƙosai mun koma burodi da shayi da taliyar leda, yaro ya ƙoshi cikinsa ya yi tim amma ba abin da ya shiga jininsa.

Shayin ma kansa akwai magana. Ganyen shayi na hana ayon shiga in aka haɗa shi da abinci, ba ƙarya bane ba kuma camfi bane. Ni ban ce a daina ba, ni kaina in ban sha da safe ba kaina ciwo yake, samarin majalisa masu ataya kuwa wa ya isa ya raba su da butarsu. Amma mace mai ciki ko budurwa mai zubar jini da yawa a wata, ta bari ko awa ɗaya ce ta wuce bayan cin abinci kafin ta sha. Abin da ya kamata ya raka abinci shi ne mai bitamin C, shi yake buɗe wa ayon ƙofa. A matse lemon tsami a kan wake da shinkafa ko kwaɗon zogale, a yanka ɗanyen tumatir da tattasai, a ci goba ko lemon zaƙi bayan abinci, ko a dama garin 'ya'yan kuka irin na kwalba da nono. Duk wannan in ka shiga Bakin Dogo ko kasuwar Kawo ranar Talata da 'yan canjinka zaka fito da shi.

Sai batun da na san zai ɓata wa wasu rai, lemon malt da madarar gwangwani. Duk wanda aka ce jininsa ya yi ƙasa a Kaduna, kafin ya iso gida 'yan dubiya sun riga shi da katan. Malam Edita wannan haɗin suga ne da mai, yana da daɗi yana kuma sa marar lafiya ya ɗan ji ƙarfi na ɗan lokaci, amma madara ba ta da wani ayon na kirki, sinadarin ƙashi da ke cikinta ma gasa yake da ayon wajen shiga jiki. Haka zoɓo, don yana ja ba shi ne ya zama jini ba, in da launi ne da manja ya fi kowa. Kuɗin katan ɗin nan da an sayi kifi busasshe da wake da ƙwai da an fi ganin amfani. Zogale ma da ake ta kambamawa kamar shi ne maganin mutuwa, ganye ne mai kyau ƙwarai, ina da bishiyarsa a gida, amma shi kaɗai ba zai ɗaga jinin mai cikin da ya riga ya faɗi ba, dole sai da ƙwayar asibiti. Hukumar Lafiya ta Duniya ma cewa ta yi kowace mai ciki ta sha ayon miligiram 30 zuwa 60 da folik asid kullum, shi ne 'yar ja da 'yar rawayar nan da ake bayarwa wajen awo muke rainawa don ba a saye su da tsada ba. Baƙin bayan gidan da ya tsorata ƙanwata kuwa ba komai bane, haka ayon yake yi wa mutane da yawa. Abu ɗaya dai, hanta duk da tana da ayon sosai, mai ciki kar ta mayar da ita abincin kullum musamman a farkon ciki, bitamin A ɗinta ya yi yawa, a bar wa yara da masu jego da 'yan mata su more.

Aidin kuma, kafin wani ya je ya ɗauko kwalbar da ake shafa wa ciwo ya kurɓa, don Allah ba shi nake nufi ba, na cikin gishiri nake nufi. Wanda ya kai shekaruna zai tuna da can in ka je ƙauye da wuya ka rasa ganin tsohuwa mai maƙoƙo, wuya ya kumbura kamar an rataya ƙwarya. Yanzu yaran da nake koyarwa in nace maƙoƙo sai sun tambayeni mene ne, kuma dalili shi ne tun 1993 gwamnati ta wajabta sa aidin a gishirin da ake sayarwa, wannan kam aiki ne da aka yi shiru ya kuma yi amfani, a yaba inda ya kamata. Babba maikirogiram 150 kawai yake buƙata a rana (maikirogiram dubu ne ke yin miligiram ɗaya), mai ciki 250, kuma maƙoƙon ma shi ne ƙaramar matsalar, babbar ita ce ƙwaƙwalwar jaririn da ke ciki, in aidin bai isa ba yaro na iya tasowa da rashin fahimta a yi ta dukansa a makaranta ana ce masa daƙiƙi. Abin da ke bani haushi shi ne yadda ake zube gishiri a faranti a buɗe cikin rana a kasuwa ana awo da gwangwani, mu ma a gida mu barshi a buɗe kusa da murhu yana shan tururi, alhali aidin guduwa yake da zafi da damshi. A sayi na leda mai tambari a zuba a roba mai murfi, shikenan. Kuma ban ce a ƙara yawan gishiri ba fa, hawan jini na nan yana jira, giram 5 a rana aka ce wato ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke cikin dunƙulen da muke jefawa huɗu biyar a tukunya ɗaya.

Zink labarinsa ma ya bani mamaki lokacin da na fara karantawa. Wani likita ɗan asalin Indiya, Ananda Prasad, shi ya fara gano ƙarancinsa a jikin mutane, a Iran a 1961, ya ga samari sun kai shekara ashirin amma jikinsu kamar na yara, basu yi tsawo ba basu balaga ba, abincinsu kusan gurasa ce zalla kuma suna cin ƙasa. Da na karanta wajen cin ƙasar sai da na tuna farar ƙasar da matanmu ke saya a ƙulla. Zink ne ke taimakon girma da warkewar ciwo da garkuwar jiki, namiji miligiram 11 mace 8, yana cikin nama da kifi da gyaɗa da riɗi da agushi da wake, har fara da muke ci da yaji ba abin rainawa bace. Inda ya fi muhimmanci shi ne gudawar yara. Tun 2004 aka ce yaro mai gudawa a haɗa masa ruwan gishiri da suga na leda da ƙwayar zink miligiram 20 kullum har kwana 10 zuwa 14, wanda bai kai wata shida ba rabin haka. To mu me muke yi, mu ce haƙori ne, a ɗaura masa laya a jira, in ma an karɓo zink ɗin ranar da gudawa ta tsaya ranar ake jefar da sauran, alhali sauran kwanakin ne ke mayar wa yaro abin da ya zubar har ya kare shi daga wata gudawar a watanni masu zuwa.

Siliniyam ba zan ja shi da nisa ba. Maikirogiram 55 ne a rana, yawansa a hatsi ya danganta da ƙasar da aka noma shi, akwai wani yanki a Chana da ake kira Keshan da ƙasarsu ba ta da shi har ciwon zuciya ya riƙa kashe yara da mata. Na kawo shi ne don likitocin zuciya a Kano sun auna matan da zuciyarsu ke kumbura bayan haihuwa suka ga da yawansu siliniyam ɗinsu ya yi ƙasa, kuma tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta irin wannan ciwon da yawan kunun kanwa da ruwan zafin jego. Na san nan na taɓo inda goggonninmu basa so, amma mai jego kifi da ƙwai da nama take buƙata fiye da kanwa, kanwar ma da muke zuba wa wake da miya don su yi saurin nuna tana kashe wasu bitamin ɗin, a rage hannu.

Sai waɗanda ba bitamin bane cikakku amma suna kama da su, nan ne 'yan talla suka fi samun kasuwa don sunayen na da daɗin faɗa, CoQ10, kanitin, inositol. Mai lafiya jikinsa da kansa yake haɗa waɗannan, ya kuma samu ƙari a nama da kifi da hatsi, in likita ya rubuta wa wani saboda wata lalura wannan daban, amma ba abin da za a bi gida gida ana cusa wa mutane bane. Guda ɗaya ne a cikinsu ya kamata mu damu da shi, kolin, don wanda hanta ke haɗawa baya isa, masana a Amurka sun sa shi cikin abubuwan da dole a samu a abinci tun 1998. Yana aiki a ƙwaƙwalwa da jijiyoyi da hanta, mace miligiram 425 mai ciki 450 namiji 550, kuma ka san inda yake zaune, gwaiduwar ƙwai, babban ƙwai ɗaya na da kusan 147. Ƙwan nan da har gobe akwai gidajen da ake hana yara wai zasu koyi sata, wasu su hana mai ciki. Ni na ga ɓarayi da yawa a garin nan ban taɓa jin wanda dafaffen ƙwai ya lalata ba. Na san ƙwai ya yi tsada, kiret yanzu sai mai hali, amma matar da ta iya haɗa kuɗin kwalbar can ta iya sayen ƙwai ɗaya kullum har ta haihu, ga waken suya ma na awara yana da nasa.

Kuma jama'a su sani abin nan in ya yi yawa guba ne. Ƙwayar ayon ja ce mai santsi kamar alewa, yaro ƙarami in ya samu ya watsa da yawa a baki tana iya kashe shi, a ɓoye ta sama inda hannu baya kaiwa. Mai sikila musamman wanda ake yi wa ƙarin jini akai akai kar a kuskura a bashi maganin ayon don an ga ya yi fari, nasa jikin ayon ɗin taruwa yake, sai abin da likitansa ya ce. Zink in ya yi yawa yana korar kofa, siliniyam in ya yi yawa gashi ke zubewa farce ya lalace. To wanda ke shan kwalba uku daban daban kowace da nata haɗin wa ke masa lissafi. Ko lambar NAFDAC da ake cewa a duba, a duba ɗin, amma lamba ba ta nufin abin yana maganin duk cututtukan da mai talla ya jero a sautin murya na minti tara.

Roƙona gareka Malam Edita, ku ware ko rabin shafi ne duk sati ku samo masu ilimin abinci na gaske, muna da su a asibitocinmu da jami'o'inmu a nan Kaduna da Zariya, su riƙa bayani da Hausar da kakata zata gane, da abincin da ke kasuwarmu, fate da dambu da miyar kuka da acca, ba wasu 'ya'yan itatuwan da sai a hoto muke gani ba. Kuma ku riƙa tace tallan da kuke karɓa, don in mutum ya gani a jarida ɗauka yake an tabbatar. Ma'aikatan awo su ma don Allah in sun miƙa ƙwayar su ƙara da minti ɗaya su ce bayan gida zai yi baƙi kar ki tsorata, in tana tada miki zuciya ki sha da dare bayan kin ci abinci, da an faɗa wa ƙanwata haka da duk wannan bai faru ba.

Ita dai yanzu ta koma shan nata, da daddare take sha da ruwan lemo, na kwashe farar ƙasar na zubar tana ta min mita. Na samu mijin nata na masa lissafin 8 da 27 ɗin nan, ya yi shiru can yace to Yaya ai ba a taɓa faɗa min ba, jiya da na kira tace ya shigo da kifi da rabin kiret. Ranar Alhamis zata koma awo a sake auna jinin, kwalbar kuma tana nan kan firij inda waɗancan suke da, tace ba zata iya zubarwa ba saboda kuɗin.

Wassalam, taku mai karatun jaridarku,
wata malamar makaranta daga Unguwar Sanusi, Kaduna.